Zazzaɓin da Aka Ɗora wa Damazin

Hillar Jibo, ta Kamlin
Watan Muharram

Zuwa ga maigidana Mujtaba, wanda ya gudu Khartum ya bar tsohuwar matarsa da sauro,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da aikinka, ina gaishe da mai ba ka abinci a can, in akwai shi, don hoton da wanka Alamin ya nuna mini wuya kawai na gani da tabarau. Ni lafiyata lau, sai gwiwa da ta saba kuka in hadari ya haɗo. Kunnen nan kuwa ya ƙara nauyi, saboda haka kada ka sake kira na a waya. Kana ihu ina ihu, maƙwabta sun ji zancenmu kaf, ni ban ji komai ba. Ka rubuto ka ba mai bas, kuma da Hausa, ko da gurguwa ce irin taka. Alamin yana hawasha, gonarmu, tun asuba, dawa ta kai gwiwa, ruwa ya cika tur'a, magudanar ban-ruwa.

Tsarabarka ta iso tun kwanaki. Na raba, kowa ya samu, kowa ya sa maka albarka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne Rayan, 'yar Alamin. Zazzaɓin ya dawo. Ta sha maganin da ka aiko, ta miƙe, har ta koma korar kaji, sai ga shi shekaranjiya ta sake kwantawa, jiki zafi rau. Sharfuddeen na shafakana, ɗakin shan maganinmu, ya soki yatsanta ya ce malariya ce kamar ta farko, magani kuma har yau babu a wurinsa. 'Yar shekara biyar, Mujtaba, ta zama ido kawai.

Ni na san inda ciwon nan ya fito. Da Babbar Sallah uwarta Widad ta ɗauke ta zuwa Damazin gaishe da tata uwar, Dije. Na ce damina ce, a bari, aka ce uwa ba ta da lafiya. Sun dawo da 'yan kwanaki yarinya ta faɗi, bayanta yaran unguwa suka bi ɗaya bayan ɗaya. Mu a Jazira mun san zazzaɓinmu, ana ba shi magani ya tafi. Wannan mai taurin kai na bakin dam ne, na ƙasar ciyawa da laka. Duk matan hilla, ƙauyen nan namu, haka suke faɗa, kuma ba a bayan idon Widad suke faɗa ba.

Yanzu Dije ta aiko wai jikin nata ya tsananta, tana son ganin 'yarta da jikarta. Dije ɗiyar yayana ce, a bayana ta yi wayo, ba wanda zai koya mini sonta. Amma na ce ƙafar Rayan ba za ta sake taka Damazin ba, Widad kuma ba za ta bar yarinya a kwance ta tafi ba. Widad kuwa tana daɗewa a madafa fiye da yadda kisra take bukata.

Ka aiko da wani maganin.

Matarka ta fari,
Barakatu

Khartum
Watan Muharram

Zuwa ga Habbobata, kakata kuma uwargidana Barakatu,

Wa alaikumus salam. Na karɓi takardarki, na karanta ta sau biyu, na farko don labari, na biyu don in ji muryarki. Lafiyata ƙalau. Wuyan da kika gani gado ne, ki tambayi madubi. Allah ya sassauta gwiwa, ya ba Rayan lafiya, ya tashi kafaɗun Inna Dije.

Habboba, kin sha tambayata abin da nake yi a ma'amal, ɗakin binciken nan da nake wuni a ciki, ina ce miki gwajin jini. Yau zan faɗa miki sosai, don ya shafi gidanmu. Abin da yake kawo malariya wata 'yar halitta ce da sauro yake zubawa a jini. Ba iri ɗaya ba ce, dangi-dangi ce, kuma kowace tana ɗauke da alamomin da ta gada daga iyayenta a cikin jikinta. Kin taɓa ba ni labarin kakanki da ya taho daga ƙasar Sakkwato a ƙafa, cewa yana duban zanen fuskar mutum ya faɗi garinsu. To aikina ke nan, sai dai ni injin ne yake nuna mini zanen. Daga ɗigon jini guda a kan 'yar takarda muna iya gane wane dangi ne ya kama mutum.

Bana zazzaɓi ya yi yawa a Jazira da Damazin duka, shi ya sa aka ba mu aikin bin sawunsa. Shafakanar hillarmu tana cikin wuraren da suke tara mana jini da yardar iyaye, akwai kuma wasu a ƙauyukan Damazin. Na tambayi Sharfuddeen, ya ce ya ɗiga na Rayan tun kwanciyar farko, Alamin ya yarda, ya kuma ɗiga na yanzu. Idan suka iso zan gwada su da na sauran yara. Ki ba ni lokaci kafin ki yanke wa Damazin hukunci. Mai yiwuwa kina da gaskiya, ban ce ba ki da ita ba. Amma Widad ba ta sayo sauro a kasuwa ta ƙullo a gefen mayafi ba, ki ce wa matan hilla su sassauta mata.

Ga jaka nan wurin mai bas. Akwai shayi da sukari da dabino, da man shafawa na gwiwa, ki raba kamar yadda kika saba. Maganin Rayan yana ciki.

Ki gaishe da Alamin da Widad, ki shafa mini kan Rayan.

Mijinki mai gudun cefane,
Mujtaba

Hillar Jibo
Watan Safar

Mujtaba,

Sallama da gaisuwa, ko da yake ban san ko ina gaishe da mai rai ba ne. Kullum sai na aika a tsaya bakin titi, mai bas ya ɗaga hannu wofi ya wuce. Ni lafiya, man gwiwar ya yi aiki. Rayan ta sha maganinta ta tashi, amma tashin bai gamsar da ni ba. Tana cin loma biyu ta ture kwano, leɓenta fari fat.

Dije ta daina fita tsakar gida. Wani mai lori ya kawo saƙo cewa sunan Rayan take kira. Widad ta zo ta durƙusa a gabana, ba ta roƙe ni ba, ta dai durƙusa. Na ce mata Mujtaba yana duba zanen ciwon, a jira shi. Ka ga ka sa na jingina maganata da kai, kai kuma ka yi shiru. In injin naka ya mutu ne ka faɗa mini, in aure ka yi a ɓoye ma ka faɗa mini, zan iya ɗauka.

Barakatu

Khartum
Watan Safar

Habboba,

Ina gaishe ki da kowa da kowa. Ina raye, ban yi aure ba, wa zai ɗauki mijin Barakatu? Ki yafe shirun. Ruwan sinadarin da muke aiki da shi ne ya ƙare, da ya iso kuma wutar lantarki ta dinga yi mana wasa, injin ya fara aiki a ɗauke. Ina rubuta wannan a tsaye, mai bas yana jira.

Na gama duba jinin Rayan guda biyu. Alamominsu ɗaya ne sak. Ma'ana ba sabon sauro ne ya sake cizonta ya zuba mata wani ciwon ba. Wanda ya kama ta tun farko shi ne bai fita ba, ya lafa ne kawai ya sake tasowa. Na kuma duba ko yana da alamun da muka sani na dangin da suke ƙin jin magani, ban ga ko ɗaya ba. Wannan ya ɗaure mini kai, don maganin da nake aikowa daga hannun da na amince da shi nake karɓa, ya kamata a ce ya kashe shi tun karon farko.

Gwada shi da na yaran hilla da na Damazin bai kammala ba tukuna, kada ki ɗauki komai daga wannan game da inda ya fito.

Tambaya ɗaya, don Allah a ba ni amsa dalla-dalla. Yaya aka ba ta maganin? Ta amayar ne? Ta shanye duka? Wa yake ba ta? In jikinta ya sake zafi, a kai ta wurin Sharfuddeen a ranar.

Mujtaba

Hillar Jibo
Watan Safar

Zuwa ga Mujtaba mai injin,

Bayan sallama, muna nan yadda ka sani, sai dai Rayan ta sake kwantawa tun jiya da la'asar. Na uku ke nan. Sharfuddeen ya gwada, ya ce ita ce dai. Ka aiko da magani a bas ɗin gobe, kada ka bari ya kwana.

Na karanta takardarka a gaban Alamin da Widad da maƙwabciyata Hadizatu. Ka ce wanda ya kama ta tun farko shi ne bai fita ba. To me na ce? Na farkon ai shi ne na Damazin. Ni ba ni da injin, ban yi jami'a ba, amma tun Muharram na faɗa. Na aika wa Dije da mai lori cewa ta yi haƙuri, ta daina sa ido a hanya, likitan gidanmu ya tabbatar. Ban ji daɗin aikawa ba, Allah ya sani, na kwana ina juyi. Amma ba zan binne 'yar jikana don kunya ba.

Sai tambayarka, wadda ta ɓata mini rai. Wa yake ba ta? Ni nake ba ta, da hannuna, da madara kamar yadda Sharfuddeen ya ce, ba ta taɓa amayarwa ba. Ko kana zaton na tsufa har ban iya ba yaro magani ba? Ubanka ma ni na yi jinyar ƙyandarsa.

Tunda dalla-dalla kake so, ga shi. Jakarka in ta iso ina shimfiɗa tabarma in zazzage ta, kamar yadda uwata take yi in matafiyi ya dawo. Shayi kashi-kashi, sukari kashi-kashi, dabino ko guda-guda ne sai ya zaga gidajen unguwa. Katin maganin kuma na sa almakashi na yanka shi da kyau, ban fasa ko ƙwaya ɗaya ba. Rayan ce mai babban kashi, tunda da sunanta ya zo, na ba ta na yini guda cur, safe da yamma. Sauran na aika gidan Hadizatu, jikarta Ramla tana kwance, da gidan liman, da gidan masu tuya. Duka yaran sun ji sauƙi washegari, iyayensu har gida suka zo godiya. Haka na yi karon farko, haka na yi na biyu. Tun da aka kafa Hillar Jibo ba a taɓa jin tsaraba ta shiga gida ɗaya ta kwana a ciki ita kaɗai ba, balle magani, yaran maƙwabta suna nishi ta bayan danga ina ji.

Wannan karon ka ƙaro kati, yaran da suka tashi duk sun sake kwantawa.

Barakatu

Khartum
Washegari

Habbobata,

Ina gaishe ki, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki a zaune, cikin natsuwa. Ki karanta ta ke kaɗai tukuna.

Na karanta taki na dafe kai, na rasa ko in yi dariya ko in yi kuka, sai na yi duka biyun. Ban taɓa sanin mai buɗaɗɗen hannu kamarki ba. Da dabinon tabarmar nan na girma, na san daɗin jiran kashina. Ni ne kuma na jefa magani cikin jakar tsaraba na ce ki raba kamar yadda kika saba, ban tsaya na yi miki bayani ba.

Habboba, katin nan ba ya rabuwa. An auna shi ne don yaro ɗaya, kwana uku, safe da yamma. Na yinin farko yana kashe masu yawa, zazzaɓi ya sauka, yaro ya tashi, kowa ya ce an warke. Na sauran kwanakin shi ne yake bin 'yan tsirarun da suka ɓuya. In ba a sha shi ba, su ne suke hayayyafa su dawo. Abin da ya faru da Rayan ke nan, da Ramla, da yaran gidan liman. Kowa ya sami abin da zai kwantar da ciwon, ba wanda ya sami abin da zai kashe shi.

Gwajin da na ce bai kammala ba, ya kammala. Alamomin ciwon Rayan iri ɗaya ne da na yara da dama a hillarmu, har da biyu da Sharfuddeen ya ɗiga jininsu tun kafin Babbar Sallah, lokacin Widad ba ta ko ɗaura kayan tafiya ba. Na ƙauyukan Damazin da muka duba, har da na su Inna Dije, wasu dangi ne dabam, ban sami irin na Rayan a cikinsu ba. Ba zan rantse a kan wane sauro ne ya cije ta ba, wannan sai Allah. Amma duk abin da ke gabana yana nuna ɗan gida ne, daga kududdufan bayan tur'armu. Takardata ta baya ba ta ce na Damazin ne ba, ki sake duba ta.

Ga kati nan a cikin ambulan, ba shayi, ba dabino. Na Rayan ne ita kaɗai, har ƙwayar ƙarshe, ko ta tashi tana tsalle a rana ta biyu. Ina roƙonki da girman Allah. Jininta ya yi ƙasa, jikinta ba zai ɗauki karo na huɗu yadda ya ɗauki na baya ba. Sauran yaran a kai su asibitin Kamlin, kowa a ba shi nasa katin cikakke. Na faɗa wa shugabanmu abin da muka gano, za a yi wa shafakanu bayani.

Maganar Widad da Inna Dije kuwa, ba ni zan gaya miki abin da za ki yi ba.

In kin yi fushi ki yi, amma ki ba ta maganin tukuna.

Jikanki,
Mujtaba

Hillar Jibo
Watan Rabi'ul Awwal

Ya Mujtaba,

Salam, kef halak? Widad ce. Malesh, Hausata a rubuce ta fi taka rauni, ka haƙura da ita. Abu Rayan, wanka Alamin, yana gaishe ka. Na san kana jiran amsa daga Habboba, shi ya sa na rubuto, don ta ce ba ta da abin faɗa wa mutumin da ya aiko mata ambulan ba ko ƙwayar dabino. Lafiyarta lau, kada ka damu. Ta karanta takardarka a ɗaki, ta fito ba ta kalli kowa ba, ta ƙulle katin a bakin zanenta.

Ni na ga zanen rana da wata a bayan katin tun karon farko, layi uku, zuciyata ta ba ni cewa ba a raba shi. Amma ka san matsayina a lokacin. Wadda ake cewa ta kwaso ciwo ba ita za ta ce wa Habboba ta ajiye almakashi ba. Na yi shiru, kuma shirun yana damuna har yanzu.

Rana ta biyu da yamma Rayan ta sami sauƙi, tana zaune tana shan madara. Sai ga Inna Hadizatu da Ramla a kafaɗa, yarinyar ko kanta ba ta iya ɗagawa. Ta ce, "Barakatu, an ce saƙo ya zaka. Ɓallo mani ko biyu, ɗiyar ga jikinta wuta."

Habboba ta dafe ƙullin zanenta ta ce, "Wanga na Rayan na. Ba ni ba da shi."

Inna Hadizatu ta ce, "Mi kinka ce?" Ta ɗauka kunnenta ne ya yi irin na Habboba. Da aka maimaita mata sai ta ce, "Tun muna 'yan mata ban taɓa shigowa gidanga in fita hannu wofi ba. Yau ɗiyar jikina za ki duba ki hana?"

Mujtaba, na ga Habboba tana murza ƙullin. Wallahi na ɗauka za ta kwance. Ni kaina da na dubi Ramla sai da na so ta kwance. Ba ta kwance ba. Ta juya ta ƙwala wa Abu Rayan kira ya ɗauro jaki a karo, amalanken gida. Ta miƙo mini katin, karo na farko da ta sa shi a hannuna, ta ce, "In rana ta faɗi ki ba ta, ke ce uwarta." Ta karɓi Ramla ta rungume, ta hau karon da wannan gwiwar tata, ta ce wa Inna Hadizatu, "Hau mu tai Kamlin, kya yi zagin a hanya." Abu Rayan ya ce an yi zagin kuwa, har bakin asibiti. An ba Ramla gado, ta kwana biyu, yanzu tana gida da nata katin.

Rayan ta shanye nata duka. Tana ci, har tana ƙwace na wasu. Sharfuddeen ya ce in wata ya cika zai sake ɗiga jininta ya aiko maka.

Habboba ta bi gidajen unguwa da takardarka, tana karanta musu wurin da ka ce ɗan gida ne. Wurin almakashi kam tsallakewa take yi, amma ta hana kowa yanka kati. Maganar Damazin ba ta ce mini komai ba tukuna, ni ma ban tambaya ba. Yumma, mahaifiyata, tana nan da rai, jiya an ce ta sha kunu. Ka yi mana addu'a, ka kuma yi sauri da jinin nan in ya iso.

Matar wanka,
Widad

Hillar Almu, ta Damazin
Watan Rabi'us Sani

Zuwa ga maigidana Mujtaba,

Assalamu alaikum. Ka dubi saman takardar nan da kyau ka ga daga inda take. Ina gaishe ka, na kuma janye fushin, ba don ka cancanta ba, don riƙe shi yana gajiyar da ni. Lafiyata lau, in ka cire abin da bas ya yi wa ƙuguna. Rayan tana waje tana bin 'yan awaki, ta yi kumatu.

Saƙonka ya iso cewa jininta ya fito fes, ba ko ɓurɓushin ciwon. A ranar na ce wa Widad ta haɗa kaya. Ta tambaye ni na mutum nawa, na ce na uku, ko an ce mata ni ba ni da dangi a Damazin? Na saya wa Rayan gidan sauro sabo, ni nake ɗaura shi da kaina, tunda ka ce su ma nan suna da nasu dangin ciwon, ba na son mu koma da baƙo na gaske.

Mujtaba, Dije ta ƙare. Yarinyar da na goya tana cizon kafaɗata, yau hannunta bai fi kara ba. Idonta ma ya tafi, sai haske da duhu. Da muka shiga mata suna zaune cike da ɗaki. Widad ta durƙusa ta ce, "Yumma, ni ce." Dije ta laluba fuskarta, sannan ta ce, "Ina ɗiyar?" Aka tura mata Rayan. Ta shafa kanta, ta shafa kunnuwanta, ta kama damtsenta ta matsa, ta ce, "An ce mani ta lalace. Wagga ai ta fi uwarta nama." Ɗaki ya yi dariya, ni ban iya ba.

Da ta ji muryata ta ce, "Gwaggo, har da ke?" Ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Ashe saƙon da na ba mai lori bai taɓa isa kunnenta ba. 'Ya'yanta maza sun karɓa sun ɓoye, suka dinga ce mata gobe, jibi. Duk watannin nan tana sa a juya mata shimfiɗa ta fuskanci ƙofa. Matan da ke ɗakin kuwa sun sani sarai, na gani a idonsu.

Can sai ta ce, "Widad, mi ya tsai da ku haka? Na ɗauka ba ni ganinku."

Na buɗe baki, don ni ba a taɓa amsa tambayar da take tawa ina zaune ba. Widad ta riga ni. Ko inda nake ba ta kalla ba, ta gyara wa uwarta matashi ta ce, "Hanya ta ɓaci, Yumma. Sai yanzu ta gyaru."

Na yi wa yarinyar nan abin da na yi mata wata uku, a gaban mata, a gidan mijinta. Ga ta a ɗakin uwarta, cikin danginta, inda kalma ɗaya ta ishe ta. Na ji kunyar da ban ji ba tun ina amarya, na kuma ji sonta ya cika mini ƙirji har na rasa inda zan sa idona.

Dije ta gyaɗa kai ta ce, "Allah shi kiyashe mu da ɓacin hanya." Matan suka amsa a hankali. Ni kuwa, ka san kurma ba ya jin ƙarfin muryarsa, amin ɗin da na ce sai da ya firgita awakin waje.

Za mu zauna nan har abin da Allah ya yi. Ka rubuto ta hannun mai lori.

Matarka,
Barakatu